Tukwanen Auren Tabita

Doha, Ƙatar

Ƙanwata Tabita,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Ya kike, ya baƙunta? Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Ni lafiya lau nake, sharar filin jirgi ce dai, kuma bayana ya fara sabawa.

Inna ta ce kin shiga gidan sistoci, har an karɓe wayarki, shi ya sa na rubuto. Wai a can babu "nawa" sai "namu", ƙararrawa ke tashinku, kuma babu aure har abada. Haba Tabita, ko shawara? Na roƙi kafil, ubangidan aikinmu, ya ba ni hutu in zo, ya ce kalas, wato magana ta ƙare, sai baɗi. Kafin baɗi an sa miki farin lulluɓi.

Tukwanen da nake tara miki na aure suna ƙarƙashin gadona. Wa zan ba?

Ba faɗa nake ba. Mu ma nan ɗaki ɗaya muke cunkushe, riga iri ɗaya, motar kamfani ke tashinmu, babu miji. Ke dai Allah kika ba ƙuruciyarki. Ni ban san wa na ba tawa ba.

Ki sa ni a addu'arku ta safe.

Yayarki,
Rifkatu