Damin da Tsutsa ta Ci

Daga Abarci, Dakoro, zuwa ga Isufu tsohon mai bishara, Maradi

Taubashi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ƙafar nan taka da ta ƙi warkewa. In ka tambaye ni, ina nan. Ba zan ce lafiya lau ba, ƙarya ba ta kamaci mai furfura ba.

Agali mai mota ya kawo mani ɗan littafin da ka aiko, wanda ka ce a karanta shafi guda kowace safiya a samu murna. Na gode. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwan tururuwa. Ni ban shiga lakwal ba, boko ya wuce ni, ɗan karatun da ka koya mani da gawayi a gindin aduwa shi ke gare ni, idon kuma ya tsufa. Na aje littafin cikin rumbu. Wuri ya ishe shi can, ba abin da zai matse shi.

Ka ce in riƙa kiran ka ta waya. Kunnena ba ya ɗauka, kuma maganar ba ta ihu a bakin kasuwa ba ce. Ga ta: na bar addu'ar safe.

Tun ranar da aka yi mana baftisma a tafki, ni da kai, ban taɓa fashi ba. Ko ranar da babana ya watso mani kayana waje, da gari ya waye na durƙusa a bayan dangar mutane. Daga baya ga matata Sa'adiyya. Ta tashi ta hura wuta tana waƙa, ni in buɗe Littafi ina tuntuɓe da baƙaƙe, ita ta gyara mani da ka, ita da ba ta san ko baƙi guda ba. Ƴaƴa muka haifa muka binne, ba wanda ya zauna, ba mu bari ba. Da ta rasu gabanin ruwan farko ma ban bari ba. Na shibka ni kaɗai, na yi noma ni kaɗai. Na ce wa Ubangiji: ka ɗauke mai waƙa, to, bar mani hatsi.

Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fidda kai. Abin da ya tsira, tsutsa ta bi zangarniya ta cinye ta tas. Gonar ƙanena Mahamadu iyaka guda da tawa, tsutsa ta ɗan taɓa ta wuce. Shi da ya shekara da shekaru yana cewa na bi addinin Nasara na ɓata. Yanzu ba ya cewa komi, sai ya gaishe ni da taushin murya. Da zagina ya yi da ya fi mani.

Sabon pastonmu Nafi'u ya yi shela: Lahadi ta sama godiyar kaka, kowane gida ya kawo dami. Ka san damina shi ke fara shiga majami'a kowace shekara. Ya biyo ni gida ya ce, "Baba, Kirista ba ya rasa abin godiya." Na ce, "Miƙo hannunka in gani." Ya miƙo. Sumul, ko kanta guda babu. Na ce mishi ya gaida gida.

Ba ni zuwa. Kada ka aiko mani wani littafi.

Ka gaida uwargida Rabi'atu da jikoki. Ka huta lafiya.

Abarci

*

Daga Isufu, Maradi

Zuwa ga ɗan'uwana cikin Ubangiji, kuma bawana tun kaka da kakanni,

Bayan gaisuwa cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, takardarka ta iso. Sai da na sa madubin ido biyu kafin in gane ta. Rubutunka har yanzu kamar kaza ta bi ta kan toka. Laifin malaminka ne, na yarda.

Na yi dariya a kan hannun Pasto, daga nan na kasa ci gaba da dariya. Sa'adiyya ba matar mantawa ba ce. Har yau in Rabi'atu ta tada wata waƙa a madafa, muryar matarka nake ji tana amsawa.

Amma ka saurare ni, ko da kunnen da ba ya ɗauka. Murnar da nake faɗa maka ba washe baki ba ce. Ka tuna yadda Sa'adiyya ke rufe garwashi da toka, da safe ta tona ta hura? Wata rana ta tarar da ja sosai, wata rana ɗan ƙwaya guda. Ba ta taɓa cewa yau kaɗan ne, ba ni hurawa. Addu'ar safe ke nan, ba wani abu ba.

Kuma dubi abin da kake yi. Fushinka ka ƙunsa ka ba Agali ya kawo Maradi. Ni ban ɗauki Sa'adiyya ba, ban aiko tsutsa ba. Mai abin yana nan Dakoro kusa da kai. In kana da ƙara, kai mishi. Ka shiga majami'a ka faɗa mishi a gabansa, ya ji da bakinka. Bayin Allah na dā sun yi mishi kuka har da gardama, bai kore su ba. Shirun nan naka shi nake tsoro. Ɗan da ke yi wa ubansa ƙorafi yana cikin gida tukuna.

Ka je godiyar kaka, ko da hannu banza.

Alherin Ubangiji ya zauna tare da kai. Ni ne ubangidanka,

Isufu

*

Daga Abarci, Dakoro

Taubashi,

Ina gaisuwa. Wanda ya ce ni bawansa ne ya zo Dakoro ya faɗa in gani.

Ka ce in je, na je. Sai dai ba da hannu banza ba.

Ran Asabar na shiga gona na yanko zangarniyar da tsutsa ta ci, na zaɓi dogaye, na ɗaure da igiyar kaba, ɗauri mai kyau irin wanda ka san ni da shi. Daga nesa ba damin da ya kai shi. Na aza a ka na taho. Ban taɓa ɗaukar kaya marar nauyi haka ba, iska na nema ta ƙwace mani shi a hanya.

Na tarar majami'a ta cika, ana ganga, mata na rawa, damma jere a gaba. Kadija, shugabar zumuntar mata, ta hango ni ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ga Baba Abarci, yau godiya ta cika." Na ratsa tsakiya na aje. Kimba, dattijon ikilisiya, ya zo zai ɗora shi kan sauran. Ya tattara ƙarfi kamar mai ɗaga dutse, ya ɗaga, sai ya yi baya zai faɗi. Ƙura da kashin tsutsa suka zubo mishi a farar riga. Wasu suka yi dariya, suna tsammanin wasa ne.

Pasto ya miƙo mani mikoro, abin ƙara murya, ya ce, "Baba, faɗa wa jama'a abin da Ubangiji ya yi maka bana."

Na ce, "Riƙe abinka, wanda zan yi wa magana ba kurma ba ne, in ji ku."

Na juya na fuskanci gicciyen da ni na sassaƙa shi da hannuna tun lokacin da majami'ar ta zana ce. Na ce, "Ba godiya na kawo ba. Kullum daga abin da ka ba ni nake kawo maka. Bana wannan ka ba ni. Ga kayanka. In ana ci, ka ci."

Mai ganga ya tsaya. Kimba ya ce, "Abarci, wannan saɓo ne."

Na ce, "Mai rumbu biyu, bari masu yunwa su yi magana."

Kadija ta ce, "Baba, zo ka zauna."

Ban zauna ba. Na tsaya ina jira, Isufu. Gaskiya nake faɗa maka, na ɗauka ɗayan biyu za a yi: ko ya buge ni nan take in huta, ko ya ce mani wani abu a zuci, ko da tsawa ce. Ba abin da ya faru. Wata akuya ta yi kuka a waje. Pasto ya ce a tada waƙa, aka tada, na fito.

Ka ce shiruna kake tsoro. To, ni na yi magana. Shi ne ya yi shiru.

Dattawa sun zauna sun sa ni horo. Bencin baya, ba Jibin Ubangiji sai na tuba a gaban jama'a. Kimba ne ya kawo saƙon, wanda ni na riƙe mishi hannu ranar da danginsa suka jefe shi. Na ce mishi su bar bencin, ba za su gan ni ba balle su zaunar da ni.

Wannan duk da sauƙi. Ka san hatsin godiya ana sussuke shi a raba wa gajiyayyu. Ni ke bin gidaje da jaki ina kai wa gwauraye da makafi. Shekaranjiya na ji amalanke ya tsaya a ƙofata. Buhu aka sauke mani. An fara kai wa makauniyar bakin tasha, sannan ni. Na ce su ɗauka. Suka ce Pasto ya hana a maida. Yana nan jingine da danga, rana na dukan shi, ban taɓa ba.

Mahamadu ma ya aiko da dami cikin zakkarsa. Na maida. Ban bar gidansu da ƙuruciya don in komo da ƙoƙo da tsufa ba.

Kada ka damu da cikina. Anza, itaciyar dajin nan, ta yi ƴaƴa bana, ita tsutsa ba ta son ta. Ina jiƙawa ina zubar da ruwan, ɗacin na raguwa kaɗan.

Wannan ita ce shawararka, ga kuma abin da ta haifa. Ka huta lafiya.

Abarci

*

Daga Isufu, Maradi

Abarci ɗan'uwana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yau ba wasa a bakina.

Kafin takardarka ta iso Kadija ta kira ni. Ta ce ta tarar da kai zaune a bakin rijiya, guga cike a ƙasa, ka kasa ɗagawa, kana cewa hutawa kake yi. Ta ce wuyanka ya fito daga riga kamar na zalɓe.

Ni na ce ka je, ban janye ba. Ban san da dami za ka je ba, amma na rubuta wa dattawa na ce in horo ne a haɗa da ni. Abin da ka faɗa mai zafi ne, sai dai gare shi ka faɗa, ba ga wani ba.

A kan shirunsa ba ni da amsa. Na yi wa'azi a ƙauyukan Ɗan Gulbi da Mai Yara har ƙafata ta lalace, ban san dalilin da ya sa ya ɗauki Sa'adiyya ya bar ni ba. Ni ma akwai safiyar da nake buɗe Littafi in ji kamar ina tauna ƙaiƙayi. Ina taunawa dai.

Akwai abin da ba ka sani ba. Bayan ka fita, Kimba ya ce a jefa wa awaki daminka. Kadija ta ce abin da aka aje gaban Ubangiji ba a jefarwa, ko wa ya aje, ko da wace zuciya. Ranar sussuka ita da kanta ta sa shi a turmi. Mata na mata dariya, ta daka, ta sheƙe. Ta ce abin da ya fito bai cika ludayi ba. Ta zuba shi cikin tsibin, aka gauraya, aka auna wa kowa. Ban ce wannan ce amsar da ka tsaya jira ba. Labari ne na ba ka yadda aka ba ni. Amma makauniyar bakin tasha ta ci naka bana ma, kuma buhun da ke jingine da dangarka ba wanda zai iya tsince naka daga na Kimba a ciki.

Ka buɗe shi, Abarci. Ban ce ka tuba ba, ban ce ka yi murna ba. Ka ci abinci. Mu biyu muka rage cikin waɗanda suka shiga tafkin nan. In ka mutu da yunwa da hatsi a ƙofarka, ban san abin da zan ce wa Ubangiji da safe ba, ni ma.

Ubangiji ya riƙe ka. Naka,

Isufu

*

Daga Abarci, Dakoro

Taubashi,

Ina gaisuwa. Ba zan tsawaita ba.

Kadija ta zo da taɓaryarta, ba ta tambaye ni ba, ta kwance bakin buhu. Na ce, "Wa ya aike ki?" Ta ce, "Baba, in za ka yi faɗa, yi da ƙarfi, turmi na da ƙara." Ta yi tuwo ta aje mani ta tafi.

Na wanke hannu na zauna. Tun da na zama Kirista ban taɓa kai loma baki ban yi godiya ba. Na nemi godiyar, babu. Na zauna har tuwon ya yi sanyi. Daga baya na ce wa Ubangiji, "Ga ni. Ban huce ba." Na ci.

Majami'a ban koma ba. Murna kuma kada ka tambaye ni, ba ta zo ba, ban ga alamarta a hanya ba.

Yau da asuba ido ya buɗe da kansa. Na shimfiɗa tabarma inda muke zama da Sa'adiyya, na zauna har rana ta fito. Ban ce komi ba, shi ma bai ce ba. In wannan addu'a ce, to, na yi. In ba ita ba ce, ba ni da wata.

Ka gaida Rabi'atu. Ka huta lafiya.

Abarci