Ita Ta Ci Kofi, Ni Aka Ba Guntun Igiya

Malama mai ba da shawara, salamu alaikum. Ki taimake ni da amsa, don na gaji da tambayar mutanen gidana. Shekara goma sha biyu ke nan ina jiran mutum ɗaya ya buɗe baki ya ce ni ne mai gaskiya, har yau shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ni ban yi boko ba, walda ce sana'ata. Telan da ke kusa da shagona ne yake rubuta min wannan, kuma na gaya masa in ya rage kalma ɗaya zan sani, don sai na kai wa wani ya karanta min.

Maganar jikata ce, 'yar babban ɗana. Zalɓe nake ce mata, don tun tana shekara goma ta kamo uwarta a tsawo. Yara suna tsokanarta a makaranta, har ta koma tafiya a duƙe kamar wadda ta yar da allura. Wata rana na same ta a bayan shago tana jefa ƙwallo cikin tsohon bokitin fenti. Na yanko rodi, na lanƙwasa shi ya zama zoben ƙwallon kwando daidai bakin bokitin, na yi masa walda, na kafa a bango. Ragar ma ni na saƙa da igiyar shanya. Duk damina sai ta ruɓe in sake wata. Raga goma sha ɗaya na saƙa da hannun nan.

Me kunnena bai ji ba? Ubanta, ɗan da na haifa, ya ce ina lalata masa 'ya da wasan banza. Uwarta ta ce karatu zai bi ruwa. Kocinta na sakandare ya zo har shago ya auna zobena, ya yi dariya, wai ya gaza na ƙa'ida da faɗin yatsu uku. Na ce masa wanda ya saba zura zare a ƙaramar allura, babba ba za ta ba shi wuya ba.

To, ƙwallon kwandon nan shi ya kai ta jami'a, karatu kyauta. Shekarar farko benci ta ɗumama. Ta biyu gwiwarta ta goce, wata bakwai tana dogara sanda, ubanta yana cewa ga irinta nan. A bayan shagona ta warke, tana zaune kan kujera tana jifa, ni ina tsinto mata ƙwallo da wannan ƙugun nawa. Shekara ta uku aka ba ta kyaftin. Bana suka kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'i.

Na je. Ban taɓa shiga ɗaki mai girma haka ba, daɓen katako yana ƙyalli, takalma suna kuka kamar ɓeraye. Saura daƙiƙa huɗu a tashi, abokan karawarsu na gaba da maki ɗaya, aka ture ta, alƙalin wasa ya ba ta jifa biyu. Mutane suka rufe ido. Ni ban rufe ba, na san zoben nan a wajenta ƙofar gari ne. Ta zura na farko, ta zura na biyu, ƙwallon ko ƙarfen zoben bai taɓa ba. Maki ashirin da shida ita kaɗai. Ubanta har da tsalle, hula ta faɗi, yana gaya wa na kusa da shi wai shi ta gado. Mutumin da ko lemo ka jefa masa sai ya tsinta a ƙasa.

Ga inda raina ya ɓaci. Aka kawo tsani da almakashi, yaran nan suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya suna yanka ragar, sabuwa fil, ba abin da ta yi musu. Na ce a raina sai wanda bai taɓa saƙa ba yake wannan ɓarnar. Da muka koma gida aka taru a falo, ta rataya wa ubanta lambar zinare, ta ba uwarta rigar wasanta. Ni kuwa ta durƙusa ta sa min guntun igiyar ragar a hannu, bai kai taƙi ɗaya ba, wai nawa ne. Ana ta tafi. Na ajiye mata abinta a kan tebur na fita.

Sati uku ban yi mata magana ba. Sau biyu ta zo shago, na kunna inji na sa gilashin walda. Yanzu wata ƙungiya a ƙasar waje ta ɗauke ta, ranar goma ga wata za ta tashi, an ce tana son in sa mata albarka. Albarka tana nan, ban kai ta ko'ina ba. Amma sai an gaya min: wanda ya ce a daina shi ne na zinare, wanda ya saƙa raga goma sha ɗaya shi ne na tsumma? Tela ya ce in bar maganar. Ba zan bari ba. Ke da kike amsa wa kowa, ki amsa min.

Tsoho mai walda

AMSA

Baba, wa alaikumus salam. Ga amsar da ka daɗe kana jira: kai ne mai gaskiya. Ka ga baiwa a jikin yarinya lokacin da kowa tsawo kawai yake gani, ka tsaya mata har a shekarar sanda. Tela ya karanta maka wannan sau nawa ka ga dama.

Sai dai a maganar igiya ka yi kuskure. A ƙwallon kwando al'ada ce, ƙungiyar da ta ci kofi ita ke yanke ragar wasan ƙarshe, kowace 'yar wasa ta samu zare ɗaya. Lambar zinare kuwa da yawa ake bugawa, har wadda ta wuni a benci an rataya mata, in ta ɓata ma ana iya buga wata. Guntun da ka bari a kan tebur daga ragar da jifanta biyun nan suka ratsa ya fito, kuma shi kaɗai gare ta. Da yawa daga 'yan wasa ba sa ba kowa nasu. Ubanta ya samu abin ratayewa a bango baƙi su gani. Kai ta ba ka wanda ta hau tsani ta yanko da hannunta.

Ita ma tana da nata laifin: ta ɗauka ka san al'adar, ba ta yi maka bayani ba. Ɗanka kuma ya kamata a ce ya daɗe da zuwa ya ba ka haƙuri. Amma ka yi masa adalci, tsoro ne ya sa shi magana a da, uba ne da ya ga 'yarsa da sanda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɗauko fushin ɗa ka sauke a kan jika.

Kada ka jira ranar tafiya, ranar nan gida cike yake da mutane da akwatuna. Ka aika a kira ta gobe. Ka kashe inji, ka cire gilashin, ka ce ta kawo maka abinka, ka bar ta ta gaya maka yadda ta yanko shi. Sannan ka dafa kanta ka sa mata albarka, kada ka haɗa da sharaɗi. Ɗanka gari ɗaya kuke, kana iya yi masa faɗa har baɗi. Ita kuwa jirgi ba ya jiran mai fushi ya huce.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya kai Zalɓe lafiya, ya sa hannunta ya ci gaba da zurawa.