Gwajin da ya san kujerar da nake zama

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya hana ni sukuni, kuma na rasa wanda zan faɗa wa ba tare da ya ce na fara taɓuwa ba.

Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin jigilar kaya. A da mu uku ne: Oga, da ni, da wani dattijo da muke kira Malam Kebul, saboda ba ka raba aljihunsa da guntun waya. Shi ya koya min komai, shi ya matsa min in nemi satifiket ɗin tsaron kwamfuta, wai ba zai zuba ido in tsufa ina gyaran firinta ba. Bara Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Oga ya ce in koma teburinsa, kuma in na ci jarrabawar, matsayinsa ya zama nawa.

Karatu dai ina yi, amma tambayoyin gwaji da nake samu a intanet sun rikita ni. Wannan shafi ya ce amsa kaza ce, wancan ya ƙaryata shi. Maigidana har tsokanata yake, wai na fi yaranmu tsoron jarrabawa. Ana nan, wata rana da hantsi saƙo ya shigo wayata daga lambar Malam Kebul. Adireshin wani shafi ne, a ƙasansa an rubuta: "Gwada wannan, ƙanwa. A hankali dai." Da haka yake rufe kowace magana da ni. Na lallashi kaina cewa tsohon saƙo ne da ya maƙale a hanya.

Anti, shafin ya yi kyau. Ya ce tambayoyinsa daga ainihin jarrabawar aka kwaso su. Har ya kwaikwayi yadda ake yi wa mai rubuta jarrabawa daga nesa: sai ka kunna kyamara, ka zagaya da ita ɗakin a tabbatar ba ka ɓoye satar amsa ba. Ni kuwa a ɗakin manyan na'urorinmu, inda teburin Malam yake, nake atisaye lokacin hutun rana, don ba mai shiga, daga sanyi sai gunjin fankoki. Na ɗaga kwamfutata na nuna masa kowace kusurwa, har allon da muke zana tsarin layukan sadarwarmu. Ya tambayi irin na'urorin da muke amfani da su, wai don ya daidaita tambayoyi da aikina. Na zayyana masa. Makina ya yi ta hawa, ni da da ƙyar nake tsallake rabi sai ga ni ina cinye kusan duka.

Daga nan tambayoyin suka soma canza kama. Wata ta yi maganar kamfanin da ake tokare ƙofar bayansa da tukunyar kashe gobara saboda makullin da ake buɗewa da kati ya lalace. Ƙofarmu ce. Wata ta kawo firintar da ke tashi ita kaɗai in an ɗauke wuta an dawo da ita. Tamu ce. Wadda ta fi tsorata ni ta ce: wata ma'aikaciya ta koma teburin abokin aikinta, tana zama a kujera mai karyayyen hannu, bayanta na kallon ƙofa. Na juya da sauri. Ba kowa, sai fitilun na'urori suna ƙifce.

Na je gaishe da matar marigayin, na sako zancen waya a hikimance. Ta ce ai wayar ta ɓata tun ranar da aka kai shi asibiti. Ina dawowa na duba manhajar da muke hira a ofis, sai ga koriyar alama kusa da sunansa, irin ta wanda ke kan aiki.

Jiya na sake shiga shafin, ban san abin da ya ja ni ba. Tambaya ɗaya tak ya kawo: ma'aikaciya ta gano ta ba baƙo bayanan kamfaninta, me ya kamata ta yi? Na zaɓi ta sanar da shugabanta nan take. Ya sa min jan maki. Amsar da ya ce daidai ita ce ta yi shiru ta ci gaba da lura.

Anti, tsoro nake ji. Jarrabawa sati mai zuwa ce. In na faɗa wa Oga, matsayin ya tafi, wataƙila har da aikin. In na yi shiru, ban san wa na buɗe wa ƙofa ba. Kuma ta yaya mutum zai gane gwajin kirki, tunda wannan ya fi duk sauran kyau a ido?

Mai Kujerar Malam

AMSA

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Malam. Ki kwantar da hankalinki ta wannan ɓangaren: ba shi ne ke rubuto miki ba. Wayarsa na hannun wani mai rai, wanda ya zauna ya karanta hirarrakinku har ya iya bakinsa. Ƙofar baya da firinta, ina kyautata zaton daga ƙorafin da Malam ya saba turawa aka tsinto su. Kujerar kuwa, ke kika nuna ta da hannunki. Wannan ya fi fatalwa tayar min da hankali, don mai wayar yana da abin da yake nema.

Ban ga wautarki ba. An biyo miki ta wurin mutumin da kike kewa, da jarrabawar da kike tsoro, kuma an ari tsarin da kika san na gaskiya ne. Amma masu sa ido a jarrabawar ainihi ɗaki fayau suke so. Ba ruwansu da irin na'urorin ofishinku.

Gwajin kirki ana gane shi tun kafin a amsa tambaya. Wa ya rubuta shi, kuma ana iya samunsa in an nema? Ya bi manhajar karatun da masu jarrabawar suka wallafa, ta yanzu ba tsohuwa ba? In kin faɗi, yana bayyana dalili har ki iya zuwa littafi ki tabbatar? Duk wanda ya yi alfaharin cewa tambayoyinsa na ainihin jarrabawa ne, ko maƙaryaci ne ko ɓarawo, kuma in an kama ki da kayansa ana iya soke sakamakonki. Makin da ke hawa ba tare da kin ƙaru da komai ba shi ma abin tuhuma ne. Ni na fi yarda da gwajin da ke ɓata min rai.

Tsoronki na rasa aiki ba na banza ba ne, ba kuma zan yi miki alkawarin Oga zai yi murmushi ba. Yana iya jinkirta matsayin. Sai dai ki auna: yau ke ce kika gano ɓaraka kika kawo rahoto, bayan an yi ɓarna kuwa ke ce kika sani kika ɓoye. Kada ki sake buɗe shafin, kada kuma ki goge komai. Ki cire kwamfutar daga layin kamfani, a rufe asusun Malam, a canza kalmomin sirri, a gyara ƙofar nan. Jarrabawa ana iya ɗaga ta.

Wanda ya sa miki jan makin nan shirunki yake buƙata, shi ya sa ya kira shi amsa. Ke kika ci tambayar. Gobe da safe, kafin ki zauna, ki ƙwanƙwasa ofishin Oga ki maimaita masa abin da kika zaɓa. Allah ya tsare ki, ya ba ki sa'a.