Ba-ka-kai-rabi a Sharafiyya

Juma'a, 2 ga Fabrairu, 2024

Shi ne. Tsohon da ke zama kan kujerar roba a ƙofar shagon yadi a unguwar Sharafiyya, nan ƙasa mai tsarki inda nake ci-rani, Hatim Rana ne, ɗan wasan Indiyan da na shekara uku ina haɗa tarihinsa. Ga tabon girar hagu, ga karkata wuyan nan kafin ya yi magana. Sau uku na wuce ta gabansa kamar mai neman wani shago.

Muna yara a Fagge ba wanda ya san sunansa. Kowane ɗan wasa da sunan da 'yan sinima suka raɗa masa, shi nasa Ba-ka-kai-rabi, don da ya fito an san kafin hutun rabin fim an kashe shi. Jerina ya nuna fim arba'in da ɗaya, ya mutu a talatin da shida. Harbi ya fi yawa. Sau biyu daga kan jirgin ƙasa.

Babi na biyar na littafin kawai ya rage: yadda masu shirya fim suka danne shi don ya fi jarumansu iya wasa. Wannan na tabbata da shi. Daga bakinsa nake so in ji.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

A sito mudir, shugabanmu, ya tambayi maganar hutuna. Na ce a ɗaga zuwa bayan Sallah. An ce tsohon zai koma Indiya kafin azumi, in na tafi gida yanzu shi ke nan.

Na kira matata Saudatu na gaya mata. Ta ce, "Baban Sajida, ɗagi na nawa ke nan?" Na uku ne, ta sani. Ƙafarta ta sake kumbura, sugan bai sauka ba. Wai in tsohon Indiyan ne zai riƙa raka ta asibiti, to, in turo shi. Da dariya ta faɗa. Ina jin da dariya ne.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

'Yarsa Bashira ce matar mai shagon, tana jin Larabci. Ta amince gobe bayan la'asar. Tambaya ashirin da uku, na jera su bisa shekaru. Sunan nan kuwa ba zan faɗa masa ba, dattijo ne. Zan ce Mai Sadaukarwa muke kiransa. Ƙaramar ƙarya.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Na tafi da Mailafiya direban tasi, haifaffen nan, don Larabcina na sito ne, bai wuce kwali da lamba ba. Na gargaɗe shi a mota kan maganar sunan. Ya ce halas, wato shi ke nan.

Ko shayi ba mu kurɓa ba Mailafiya ya ce wa Bashira, "Ya ukhti, 'yar'uwata, gaya wa Baba, mutanen wannan ba sa barinsa ya kai rabin fim ko a suna." Ya fassara mata sunan tas. Na taka masa ƙafa, ya ce, "Ustaz, ƙafata ce fa."

Bashira ta juya wa tsohon da yarensu. Ya dube ni. Sai dariya, har da tari, sai da aka ba shi ruwa. Ya sa na maimaita sunan sau huɗu yana gwadawa. Wai a ƙasarsu ko sunansa ba a sawa a fastar fim, ashe akwai garin da ake jiran mutuwarsa da tafi. Na ce ba tafi ba ne, Baba, salati ake yi.

Sai tambaya ta sha huɗu: wa ya danne shi? Na karanto da ƙarfin gwiwata.

Ya ce ba kowa. Shi yake roƙon a ba shi mai mutuwa. Matarsa, uwar Bashira, ta kwanta ciwo shekara goma sha biyu. Jarumi sai ya yi wata huɗu a duwatsu ana ɗaukarsa. Mai mutuwa kwana uku ya gama, ya koma gida ya juya ta a gado. Sau biyu aka ba shi babban matsayi ya mayar. "Ita ba ta son kowa ya ba ta abinci sai ni," in ji shi. Bashira ta fassara wannan tana kallon yadin da ke gabanta.

Na tambaya ko ya yi nadama. Ba ya cikin jerin. Ya karkata wuya ya ce fina-finan suna nan, ga shi har ni na gani. Sannan ya tambaye ni iyali. Na ce lafiya lau.

Tambaya tara ban yi ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ban buɗe babi na biyar ba.

Talata, 13 ga Fabrairu

Na duba jerin da shekarun da Bashira ta ba ni. Mutuwa talatin da shida duk tsakanin 1984 da 1996 suke. Biyar ɗin da ya rayu, kafin ciwon ne. Shekara uku abin yana gabana da rubutun hannuna. Lissafina daidai ne, ko ɗaya bai kuskure ba. Abin da na ɗora a kai ne.

Shafi ashirin da biyu na cire. Sabon babin bai fi huɗu ba, amma ya fi tsayuwa. Mailafiya ya ce in sa sunansa a godiya tunda shi ya fasa ƙwan. Zan sa, ƙarami.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Bashira ta ce in dawo Juma'a biyu masu zuwa, Baba zai amsa sauran taran. Na ba Mailafiya takardar tambayoyin, ya yi su ya turo mini a waya. Zai ƙara nasa, na sani.

Na sake miƙa wa mudir takardar neman hutu, jirgin 24 ga wata. Ya ce ba kai ka ɗaga ba? Na ce aiki ya yi sauƙi a sito. Gaskiya ne, ya ɗan yi sauƙi. Ba don wata magana ba ce.

Saudatu ta tambaya ko tarihin ya ƙare. Na ce saura kaɗan, a gida zan ƙarasa. Ranar asibitinta Talata, ƙarfe takwas. Na rubuta.