Ɗakin da Ka Zaɓa wa Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan ƙalau. Gwaggo ta warke daga ciwon ƙafa, har ta koma faɗa da kowa, shi ya tabbatar mana sauƙi ya samu.

Na je duba gidan da ka saya wa Inna, tunda kai a hoto ka gan shi, hoto kuwa ba ya yoyo. Na tafi da kafinta, Inna ma ta ce sai ta bi mu. Kafintan ya hau saman rufi da tiyo yana kwarara ruwa, ni ina ciki na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Silin ɗin falo, wanda aka fi lafta wa sabon fenti, shi ya fara ɗiga. Wasu kwanukan sun yi tsatsa, indararo ya cika da ganye. Kafinta ya ce ƙaramin aiki ne, zai gama kafin ruwa ya sauka.

Tafkin ninƙayar da kake alfahari da shi ba ya tsiyaya, tayil ɗinsa lafiya lau, ko da yake ban san mai shiga ba, tunda duk zuriyarmu a wankan bokiti muka ƙware. Sai dai ɗakin da ka zaɓa wa Inna, don ta riƙa kallon ruwa, ƙofarsa a bakin tafkin take. Ina tsaye ta buɗe ƙofar ta miƙe abinta ta nufi ruwan, da ƙyar na cafko hannunta. Ta tambaye ni dalilin tare ta, wai ai tsakar gida ce aka shafe da siminti sumul.

Auta, idon Inna ya yi rauni ƙwarai, mu da ke kusa ma ba mu lura ba. Ta haddace kowane lungu na tsohon gida, ƙafarta ke yi mata gani. A mota ta roƙe ni kada in gaya maka, wai ka sha wahala a kan gidan nan, kada gwiwarka ta yi sanyi. Ban yi mata alkawari ba.

Saboda haka ba za ta tare ba sai an kewaye tafkin da shinge, likitan ido kuma ya duba ta. Idan ka kira ta, ka rage yabon gidan, ka tambaye ta ɗakin da take so.

Gwaggo da Yaya Babba suna gaishe ku. A shafa min kan yara.

Naka,
Yayanka