Kibiyoyin da Na Ja wa Tsawo

Litinin, 3 ga Maris
Yau Farfesa ya wanke wadda muke wa laƙabi da 'Yar Kogi tas a gaban kowa. Ɗalibarsa ce mai auna gudun ruwa, saura mako biyu ta kare bincikenta a gaban malamai. Taswirarta ta nuna ruwa yana gudu da ƙarfi a inda kowa ya san kwance yake. Ya ce, "Ke, ko a ɗaki kika zauna kika ƙirƙiro lambobin nan?" Ina bayan kwamfutata ina ji.

Laraba, 5 ga Maris
Na buɗe manhajar zanen da nake kula da ita, wadda ke fitar mana da taswirorin gudun ruwa. Ashe laifin nawa ne. Bara gajerun kibiyoyin da ke kan taswirorin suka dame ni, kai ya cinye jiki, kamar ƙudaje a kan takarda. Sai na sa doka: duk wadda ba ta kai wani tsawo ba, a ja ta ta kai. Don kyau kawai! Alhali tsawon kibiya shi ne ƙarfin ruwa. Har yabo na sha a lokacin.

Alhamis, 6 ga Maris
'Yar Kogi ta sake komawa awo. Ta dawo da taɓo har gwiwa, ta ce, "Injiniya, ko na'urata ce ta lalace?" Na ce mai yiwuwa. Mai yiwuwa! Allah ya shirye ni.

Lahadi, 9 ga Maris
Abinci ya ƙi shiga. Uwargida ta ce ko zazzaɓi ne, na ce e.

Talata, 11 ga Maris
Na cire dokar, na sa kan kibiya ya riƙa ƙanƙancewa tare da jikinta. In na tura gyaran shiru, taswirarta za ta daidaita, ba wanda zai san da ni. Sai dai Farfesa zai ce ta taɓa lambobi ne bayan ta sha faɗa. A wurin bayanin gyaran na rubuta "ƙananan gyare-gyare". Na goge. Na sake rubutawa. Kunya nake ji, wallahi.

Juma'a, 14 ga Maris
Na faɗi gaskiya a taron safe, a tsaye. Farfesa ya cire tabarau ya ba 'Yar Kogi haƙuri. Ita kuwa ta dube ni kawai ta ce, "Injiniya, sau uku na shiga ruwan nan."

Akwai taswirori goma sha ɗaya na wasu mutane da suka fita da kibiyoyina. Ba wanda ya tambaye ni, amma na fara rubuta wa masu su wasiƙa. Ta farko ta ci min awa biyu. A ta biyu, sunana na sa a layin farko, cewa kuskuren nawa ne.