Gaɓoɓin Yatsuna Sun Yi Baƙi, Jikina Yana Ƙarewa

Anti Mahbuba, don girman Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ni malamar Islamiyya ce a Ringim, 'yata ɗaya, Zulfa. Tun da na warke daga tarin fuka jikina bai dawo ba. Kullum gajiya, ko buta da ƙyar nake ɗauka. In na miƙe daga sujada sai duhu ya rufe idona, yanzu a zaune nake salla kamar tsohuwa. Na rame har zobena yana suɓucewa. Abinci ba ya shiga, sai tashin zuciya, amma gishiri a ɓoye nake lasarsa a madafa, ina jin kunyar kaina.

Abin da ya fi ci mini rai fatata ce. Gaɓoɓin yatsuna, dasashina, layukan tafin hannuna, har tsohon tabon ƙuna, duk sun yi baƙi ƙirin. Hajiya surukata ta ce man bilicin ne ya ƙone ni, ni da ban san komai ba sai basilin. A unguwa ana raɗa ƙanjamau ce. An gwada, babu, amma iyaye sun fara janye 'ya'yansu daga ajina. Na sha maganin taifot har na gaji, na sha rubutu. Baban Zulfa ya daina tambayata jiki, sai dai ya kalle ni ya fita. Na riga na roƙi ƙanwata ta riƙe mini Zulfa in ta Allah ta kasance. Anti, akwai sauran abin yi kuwa?

Maman Zulfa, Ringim

Maman Zulfa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni ba likita ba ce, amma na karanta wa wata likita wasiƙarki. Ta ce baƙin dasashi da gaɓoɓi, jiri, rama da kwaɗayin gishiri, in suka haɗu, sukan nuna gazawar wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda, masu samar da sinadarin da ke riƙe ƙarfin jiki. Tarin fuka kan lalata su.

Ba zan ɓoye miki ba, in wannan ciwon ne, ba ya warkewa. Ƙwaya za ki sha har ƙarshen rayuwa, amma da ita mutane suna komawa aikinsu. Kada ki saya da kanki. Ki je babban asibiti a Dutse da sassafe, ki jera wa likita alamomin nan duka, ki ambaci tarin fukan, ki roƙi gwajin jini na kotisol, wato sinadarin da na ambata. In amai ya kama ki ko kika suma, a kai ki nan take.

Hajiya ta yi miki rashin adalci, sai dai abin da idonta ya saba gani ta faɗa. Shirun maigidanki kuwa wataƙila tsoro ne. Ki ce ya raka ki, ya ji da kunnensa. Bakin unguwa ba ni da maganinsa, kuma ba duk ɗalibanki ne za su dawo ba. Amma maganar ba da Zulfa ki ajiye ta tukuna, sai kin ji bakin likita. Allah ya sa a dace.

Anti Mahbuba